Bishiyoyin da Ke Ƙasan Tafki

Ranar Asabar ta ƙarshe da Kaka Arlis zai yi a gidansa na bakin tafki, ni na kai shi kamun kifi. Ran Litinin 'yarsa, Gwaggo Nadine, za ta tafi da shi birnin Birmingham, inda ta gyara masa ɗaki a bayan gidanta, jirginsa na ruwa kuwa an riga an yi masa mai saye, wani mutum daga garin gaba da zai zo ya ja shi ran Lahadi in an taso daga coci. Ba wanda ya tilasta wa Kaka. Idonsa ne ya tilasta masa. Ciwon irin wanda ke cinye tsakiyar gani ne ya bar gefe, shi ya sa in zai dube ka sai ya karkata kai kamar kazar da ta ji motsin shaho. Bara ya daki gadar katakon da maƙwabcinsa ke ɗaure jirgi a jikinta da jirginsa, da rana tsaka, ya kuma rantse gadar ce ta matso. Tun daga ranar Gwaggo ta karɓe makullan, na mota da na jirgi, ta jefa a jakarta ta tafi da su birni.

Ni sunana Grady, jikansa ne, ɗan ɗansa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a hannun Kaka da matarsa, Kaka Idella, na girma. Karatu bai zauna mini ba, ina aiki a shagon gyaran taya a bakin babban titi, kuma ina jin daɗin aikin, don taya ba ta gardama.

Ran Juma'a da yamma muna ɗaure kwalaye a falo, Gwaggo tana kicin tana ware kwanukan da za a ajiye da waɗanda za a bayar, Kaka ya jawo hannun rigata ya ce abu ɗaya yake so kafin a kwashe shi kamar tsohon firji. Yana so in kai shi wurin bishiyoyin, ya jefa fatsa a cikinsu, ya ji su da hannunsa.

Na san abin da yake nufi, ko da yake ban taɓa zuwa wurin ba. A nan wajenmu in an gama Kirsimeti, sabuwar shekara ta shiga, masu kamun kifi ba sa yar da bishiyar da aka yi ado da ita a falo. Sai a cire kayan ado, a ɗaure gindinta da waya a jikin bulo, a ɗaura mata jarkar roba a kai don ta tsaya tsaye, a kai ta tafki cikin sanyi lokacin da ba kowa, a nutsar. Ƙananan kifaye su shige rassan su ɓuya, manyan kifayen da ake kira bas kuma, korayen nan masu bakin da za ka zura dunƙulen hannunka a ciki, su zo su zauna a gefe suna jira. Ba don ci muke kama su ba. Ka kama, ka riƙe shi ta leɓen ƙasa, ka dube shi ya dube ka, ka mayar da shi. Amma inda ka nutsar da bishiyarka ba ka faɗa wa kowa. Ba ka faɗa wa fasto, ba ka faɗa wa ɗan'uwanka ciki ɗaya. Mutum zai ba ka aron motarsa, ya ba ka aron jirginsa, in ka tambaye shi wurin bishiyoyinsa sai ya fara ba ka labarin ciwon gwiwarsa.

Kaka ya soma nasa tun shekarar da suka yi aure, kuma kowace shekara a wuri ɗaya yake ƙarawa. Kaka Idella ce kaɗai take binsa, a naɗe cikin bargo, tana mita duk hanya wai ba don ita ya aure ta ba, don bishiyoyinta ne. Ita ce take zaɓen bishiyar, ita take yi mata ado, kuma ita take tura ta cikin ruwa da ƙafa. Bayan ta rasu bai daina ba. Yakan sayo bishiya ya kafa a falo ba ado ko ɗaya, ta yi kwanakinta a tsaye, sannan ya kai ta shi kaɗai. Na sha cewa in raka shi, sai ya ce ai ni bakina kamar ƙofar shagon ne, kullum a buɗe.

Gwaggo ba ta so tafiyar ba. Ta ce wannan ƙarshen makon hutu ne, wanda ke buɗe lokacin zafi, duk wanda ya mallaki abin da ke yawo a kan ruwa zai fito da shi. Gaskiyarta ne. Amma ba wata rana, don ran Juma'ar ta iso da makullan. Ta yarda bisa sharaɗin zai sa rigar ceto, ba zai taɓa sitiyari ba, kuma za mu dawo kafin rana ta faɗi, don maƙwabta da mutanen coci za su zo yi masa ban kwana da abinci. Na ce na ji. Kaka ya ce shi bai ji ba, kunnensa ma ya fara tafiya.

Mun so mu fita da asuba. Gwaggo ta ce ba inda za shi sai ya ci abinci mai ɗumi ya sha maganinsa, maganin kuma ba a shan sa sai an ci, abincin kuma ba a cin sa sai ta gama soya ƙwai yadda take so. Kafin mu ɗaura tirelar jirgin a bayan a-kori-kura rana ta fito. A gangaren simintin da ake sauke jirage kuwa mun tarar da layi har titi. Ga masu manyan jiragen shaƙatawa, ga samari da baburan ruwa, ga wani da ya kasa mayar da tirela baya, ya yi ta lanƙwasa ta kamar wuƙar aljihu matarsa tana ba shi umarni ta taga. Ranar kuma akwai gasar kamun bas, 'yan gasar sun daɗe da watsuwa cikin tafkin tun da duhu.

Da muka shiga ruwa na kunna inji, Kaka ya zauna a kujerar gaba da sandar fatsarsa a kan cinya. Ya bari sai da muka yi nisa da mutane, sannan ya ce in rage wuta in matso. Ya waiga dama da hagu, shi da ba ya gani, ya rage murya.

"Ka nufi bakin tsohon kogin da tafkin ya haɗiye. In ka ga tankin ruwan gari ya hau daidai kan tsinin cocin Baptis, ka riƙe wannan layin. Ka yi ta tafiya har farin dutsen da ke gaɓar yamma ya fito daga bayan tsibiri. Yana fitowa, ka kashe inji. Kana kansu."

Na ce, "Shi ke nan? Abin da ka hana ni tun ina yaro?"

"In ka faɗa wa wani, ja'iri, sai na taso daga Birmingham a ƙafa."

Na bi yadda ya ce. Ruwan ya riga ya birkice, kowane jirgi ya wuce sai ya bar mana raƙuman ruwa su ɗaga mu su buga. Ina tuƙi a hankali saboda bayansa. Tankin ya hau kan tsinin coci, na riƙe layin, farin dutsen ya fara leƙowa daga bayan tsibiri. Sai na rage wuta tun ban kai ba, don a daidai wurin, ba gaba ba baya, akwai jirgi a tsaye. Sabo ne, ja mai ƙyalli, da mutum biyu sanye da rigunan 'yan gasa, na gaban ya sunkuyar da kai yana kallon allon na'urar nan da ke nuna abin da ke ƙasan ruwa.

Kaka ya tambayi abin da ya sa na tsaya. Na faɗa masa. Ya ce ko dai wucewa suke yi. Na ce a'a, a tsaye suke, suna jefawa wuri ɗaya. Ya gyaɗa kai. Ya ce to sun gani a na'urarsu ke nan, yanzu ba abin da ke ɓuya a ƙasan ruwa, ko cokali ka yar sai wani yaro ya gan shi a allo.

Na ce bari in matsa in yi musu magana, in gaya musu halin da ake ciki, mutane ne, za su gane. Ya ce kul. Ya ce bishiya in ta bar hannunka ta shiga ruwa ta zama ta tafki, wanda ya riga zama a kai shi ke da wuri har ya tashi don kansa. Tun yana saurayi bai taɓa matsa wa mai kamun kifi ba, shi ma ba a taɓa matsa masa ya yi shiru ba, ba kuma a ranarsa ta ƙarshe zai fara roƙo ba. Banda haka, in na yi magana sun san tabbas wuri ne na wani, gobe su kawo abokansu. Na ce ai sun riga sun sani. Ya ce sanin allo daban, ji daga bakin mai shi daban.

Sai muka koma bakin wani lungu, nesa yadda ba za a ce mun matsa musu ba, kusa yadda zan ga tashinsu. Ya ce 'yan gasa dole su koma wurin awon kifin da suka kama kafin la'asar, mu jira.

Muka jira. Na ɗaura masa tanar roba, baƙa mai ratsin shuɗi, da ɗan darma a kanta, irin wadda yake so. Ya jefa sau biyu wajen gaɓa don kada a ce zaune yake, sannan ya naɗe ya ajiye. Ni na ci gaba, na kama wani ɗan ƙarami da bai wuce tafin hannuna ba. Ya karɓa ya shafa shi daga kai zuwa wutsiya, ya ce in mayar da shi maza kafin uwarsa ta zo ta kai ni ƙara. Muka buɗe dafaffiyar gyaɗar da muka saya a hanya, muna ɓarewa muna sha da shayi mai ƙanƙara. Rana tana hawa. Baburan ruwa suna zagaye tsibirin kamar zirnaƙo, wani jirgi yana jan yara a kan tayar roba suna ihu, kiɗa daga nan, wani kiɗan daga can, ba wanda ya dace da wani.

Ya ba ni labarin shekarar da Kaka Idella ta tura bishiya da ƙafa takalminta ya bi ta. Wai ta ce ya shiga ya ɗauko, cikin watan Janairu, ya ce takalmin ma ai kifi zai samu wurin ɓuya a ciki. Ba ta yi masa magana ba har suka isa gida, da dare kuma ta ba shi abinci a kwanon kare. Yana faɗa yana dariya har da tari. Da dariyar ta ƙare ya juya fuskarsa wajen jan jirgin ya bar ta a can.

Can sai muka ji fantsamar ruwa. Na gaban jirgin ya kama, sandarsa ta lanƙwashe, abokinsa ya ɗauko raga. Kaka ya tambaye ni ko babba ne. Na ce ba laifi. Ya ce in faɗi gaskiya. Na ce babba ne, cikinsa kamar na ɗan akuya. Ya yi murmushi, ya ce da ma, ai wurin ba ya tara ƙanana. Na ce sun sa shi a akwatin ruwan jirginsu. Ya ce to za su kai shi awo can ƙarshen tafkin, su sake shi a bakin gangare cikin man inji, ba kuma zai san hanyar gida ba. Daga nan bai ƙara cin gyaɗar ba.

Rana ta take tsaka ta fara karkata. Na ba shi maganinsa na rana, na jiƙa tawul na ɗora masa a wuya. Fatar hannunsa ta yi ja. Na ce ko mu shiga inuwa mu dawo, ya ce in na gaji in tafi, shi zai jira a kan ruwa.

Da lokacin awo ya matso, 'yan gasar suka naɗe kayansu, suka tashi da gudu har gaban jirginsu yana kallon sama. Na ce wa Kaka sun tafi. Ya ɗauki sandarsa ya gyara zama. Injin namu tsoho ne, in ya huce sai an lallashe shi, na murza ya yi tari, na sake murzawa ya yi tari. Da ya kama, sai ga jerin baburan ruwa sun ratsa gabanmu, dole na tsaya su wuce. Kafin ruwan ya lafa, wani jirgin shaƙatawa mai faɗi kamar daɓe, da rumfa da kujeru, ya sulalo daga bayan tsibirin ya tsaya daidai wurin. Na ga mutumin da ke tuƙa shi ya ɗaga anka, ƙarfen nan mai haƙora da ke riƙe jirgi, ya jefa. Yara suka fara tsalle cikin ruwa.

Ban san yadda zan faɗa masa ba, amma ya ji ƙarar ankar da ihun yaran. Ya mayar da sandar kan cinyarsa.

Muka sake jira. Waɗannan ba su da wurin awo da za su je. Sun kunna murhu suna gasa nama, uwar yaran ta shimfiɗa tawul ta kwanta, ƙamshin naman yana zuwa har inda muke. Wayata ta yi ƙara, Gwaggo ce, ta ce matar fasto ta riga ta kawo kaza, mu fara haramar dawowa. Na ce muna nan tafe. Inuwar tsibirin ta fara tsawo a kan ruwa.

Na ce, "Kaka, waɗannan fa ba kifi suke kamawa ba. Wanka suke yi. Ko'ina suka tsaya ruwa ne."

Na ce dokar da yake faɗa ta masu fatsa ce, ba ta hau kan masu gasa nama ba. Ya daɗe yana murza zaren da ɗan yatsa. Sannan ya ce in je, amma in yi ladabi, in ce tsoho ne yake son ya jefa fatsa a nan saboda sabo.

"Kada ka ce akwai wani abu a ƙasa. Ka ji ni? Ko da wasa."

Na matsa a hankali saboda yaran da ke cikin ruwa, na yi sallama. Mutumin mai fara'a ne, da ganin jirgin da yadda yake riƙe igiya ka san haya ya ɗauko, daga birni suka zo. Na faɗa masa abin da Kaka ya ce in faɗa, na ƙara da cewa jibi zai bar garin. Bai bari na gama ba. Ya ce haba, ai wannan ba abin tambaya ba ne, shi ma kakansa mai son ruwa ne. Ya kira yaran suka hau, ya miƙo mana nama biyu a faranti, ya gaida Kaka da "Baba, sannu da rana." Kaka ya cire hula ya amsa.

Mutumin ya kama igiyar ankar ya ja. Ba ta zo ba. Ya kira babban ɗansa suka ja tare, jirgin ne ma ya matso, ankar tana inda take. Ya share gumi ya dube mu yana dariya.

"Baba, ku da kuka san wurin nan, mene ne a ƙasa? Kamar an ɗaure ta."

Na dubi Kaka. Da an ce masa bishiyoyi ne ɗaure da waya da bulo, da ya san ba abin ja da ƙarfi ba ne, da sai a zagaya ta ɗaya gefen a sassauta, ko a yanke igiyar a huta. Bakina ya buɗe. Kaka ya ɗora hannu a gwiwata.

Ya ce, "Laka ce, ɗana. Wurin akwai laka."

Mutumin ya ce to in laka ce da sauƙi. Ya naɗe igiyar a ƙarfen gefen jirgi, ya koma kan sitiyari. Na ɗaga hannu ina cewa ya dakata in zo in taya shi, amma kiɗansu yana tashi, injin kuma ya riga ya kama. Ya ba shi wuta. Igiyar ta miƙe tana ɗigar da ruwa, bayan jirgin ya nutsa kaɗan, injin yana gurnani. Kaka ya karkata kai yana saurare. Ya ce, ba da ƙarfi ba, in ce masa ya yanke igiyar. Na miƙe tsaye ina kiran mutumin. A lokacin jirgin ya fara tafiya, a hankali, kamar mota tana jan wadda ta mutu, ya nufi wajen zurfi.

Bishiyoyin a bakin tsohon kogin suke, inda ƙasa ta yanke ta faɗa rami mai zurfin da kifi ba ya zama in zafi ya shigo. Shekara da shekaru wayoyinsu sun sarƙe da juna, sun zama abu ɗaya. Ya ja su har bakin ramin, suka zurma ciki. Sai igiyar ta yi ƙasa da ƙarfi, jirgin ya karkata, matar ta riƙe yaran, sannan igiyar ta saki gaba ɗaya. Ankar ta fito da guntun reshe baƙi da waya a naɗe a haƙoranta.

Ruwan wurin ya koma launin shayi. Kumfa ta yi ta tasowa da warin ruɓaɓɓen itace, ga ƙananan rassa, ga tsofaffin jarkoki da suka yi kore suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya suna juyi. Mutumin ya cire reshen ya jefar, ya ce lallai wannan laka da ƙarfi take. Ya ɗaga mana hannu, ya yi wa Kaka fatan kama babba, yaran ma suka ɗaga hannu, suka tafi.

Na daidaita jirginmu, tanki a kan coci, farin dutse a gefen tsibiri, na kashe inji. Kaka ya tashi tsaye, na riƙe bayan rigar cetonsa. Ya jefa. Ya bari darmar ta kai ƙasa, ya ɗora ɗan yatsa a kan zaren, ya fara jan tanar a hankali, yana ɗagawa yana saukewa. Na san abin da yake nema, don ya sha kwatanta mini: yadda take hawa reshe tana ƙoƙari, ta tsaya a sama, ta faɗo ta ɗaya gefen, a nan kifin yake ɗauka. Tanar ta dawo har jikin jirgi ba ta taɓa komai ba. Ya jefa dama. Ya jefa hagu. Ya ce in juya jirgin, ya jefa ta baya. Kowane jifa sai ta dawo sumul da laka a kan darmar.

Ya tambaye ni ko na tabbata da layin. Na ce na tabbata. Ya ce ya sani, tambaya kawai yake yi.

Na ce a jefa wajen ramin, wataƙila wasu sun maƙale a baki. Ya jefa can. Zaren ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, bai kai ƙasa ba sai da ya kusa ƙarewa. Ya naɗe ba tare da ya ja ba.

Wayata ta sake ƙara, na kashe ta. Jirage sun fara komawa, duk sun nufi gangare, raƙuman ruwansu suna zuwa mana ta kowane gefe. Na ce ya zauna ya jefa daga zaune, ya yarda. A jifa na kusa da ƙarshe tanar ta tsaya. Na ga ɗan yatsansa ya ƙame a kan zaren. Ya ɗaga sandar kaɗan, ta lanƙwasa, ba motsi. Ba kifi ba ne, mu duka mun sani. Ya ce bulo ne, guda ɗaya, yana jin kaifin gefensa. Na ce bari in zagaya mu ciro ƙugiyar. Ya ce in bar ta.

Ya zauna riƙe da sandar, zaren a miƙe, raƙuman ruwa suna ɗaga mu suna saukewa, shi kuma yana bin su da hannu don kada ya tsinke. Mun daɗe a haka. Naman da aka ba mu ya huce a faranti. Na so in ce masa wani abu game da mutumin, ko game da ni, ko in ce zan kawo wata bishiyar in sanyi ya zo, amma duk abin da na ɗauko sai in ji bai kai a faɗa ba.

Shi ne ya yi magana. Ya ce mutumin kirki ne, ya tambaya kuma an ba shi amsa. Sannan ya jawo zaren da hannu ya kai baki ya datse da haƙori, ya saki guntun ya bi ruwa.

"Mu je, Grady. Kazar matar fasto ba ta da daɗi in ta yi sanyi. Da zafinta ma sai a hankali."

A gangare layin fita ya fi na safe. Na bar shi a jirgi na je na kawo mota. Da can shi yake mayar da tirela baya, da hannu ɗaya, yana hira. Na ce ya fito ya shiga gaba, ya ce a'a, a nan zai zauna. Haka na jawo jirgin daga ruwa yana zaune a kujerarsa kamar yadda ake bar wa yara, sandar a cinyarsa, ruwa yana zuba daga tirelar har filin ajiye motoci. Wani ma'aikacin wurin ya nufo mu zai ce ba a yarda a hau titi da mutum a cikin jirgi ba, da ya matso ya ga fuskarsa sai ya tsaya, ya taya ni saukar da shi.

A gida motoci sun cika tsakar fili, mutane suna baranda da farantai. Gwaggo ta fito tana goge hannu, ta fara faɗan mun makara, ta ga jan da hannunsa ya yi ta ƙara wani faɗan. Sannan ta sassauta ta tambaye shi, "Baba, an dace kuwa? Ka samu wurin naka?"

Ya ce ya samu. Ta tambaya ko ya kama wani abu. Ya ce Grady ya kama ɗaya, amma ba na nunawa ba ne. Ya miƙa mata rigar ceton, ya nemi hannuna, muka hau matakalar baranda a hankali, mutanen coci suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗa masa sunayensu don ya san wanda yake gaisawa da shi.